Amosanin Jini: Daga Ɗakin Binciken Jami'a Zuwa Ƙofar Gidanmu

Wata ranar Talata cikin hunturun 2023 ina ba 'yan aji uku shifta, sai na ga fensir ya suɓuce daga hannun wata yarinya da ke zaune a bencin gaba. Ta sunkuya ta ɗauka, ya sāke faɗuwa. Yara suka fashe da dariya. Ni ma har na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na lura bakinta ya karkace gefe ɗaya, hannunta na dama kuwa ya saki kamar tsumma. Shekarunta takwas. Kowa a makarantar ya san tana da sikila, watau amosanin jini, gama kowane sanyi sai ta yi mako ɗaya ko biyu a kwance da ciwon ƙashi. Amma babu wanda ya taɓa gaya mini, ko iyayenta, cewa sikila tana iya shanye ɓarin jikin yaro kamar yadda hawan jini yake yi wa tsoho.

A gida waɗansu suka ce iska ce ta buge ta, waɗansu suka ce sammu ne. Sai da aka kwana uku kafin mahaifinta ya sayar da akuya ya kai ta wani asibiti a birni. Can likita ya ce masa jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa. Ya ƙara da wata magana wadda ta hana uban barci, ni ma ta hana ni sa'ad da ya kawo mini ita: akwai awon da ake yi wa yara irinta tun suna shekara biyu, wanda yake nuna haɗarin tun bai auku ba, akwai kuma maganin da yake tare shi. A Kano ma aka gwada maganin.

Tun daga ranar na shiga tambaya da karatu. Wa ya gano wannan awo? Wa ya biya kuɗin binciken? Me ya sa labarinsa ya tsaya a birni, bai iso Toranke ba? Abin da na samo shi ne nake so in shimfiɗa wa iyaye a nan.

Abin da ke cikin jinin

Ƙwayoyin jini ja na mai lafiya a kewaye suke, da laushi, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wuya, kowace kuma takan yi kwana wajen 120 tana aiki. Na mai sikila, in iskar da ke cikinsu ta ragu, sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su maƙale a hanya. Inda suka maƙale nan ciwo yake tashi, ko a ƙashi, ko a ƙirji, ko a ciki. Ba sa daɗewa kuma, cikin kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Dalili ke nan da yaron kullum jininsa a ƙasa yake, idonsa kuma yakan yi rawaya kamar mai shawara.

Ba a ɗaukar sikila a ƙwarya ko a tabarma. Gādo ne, kuma daga uwa da uba duka biyu. A aji nakan nuna wa yara da wake. Ƙwarya biyu, ɗaya ta uba ɗaya ta uwa, kowace da farin wake ɗaya da jan wake ɗaya. Farin shi ne A, jan shi ne S. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowace ƙwarya. Fari biyu, AA ke nan. Fari da ja, AS, mai lafiya ne amma yana ɗauke da irin. Ja biyu, SS, shi ne mai ciwon. Sa'an nan, a lura da wannan, a mayar da waken cikin ƙwarya kafin a sāke ɗauka. Kowane ciki sabon ɗauka ne. Saboda haka maganar nan da ake yi, wai in an haifi mai sikila ɗaya to uku na gaba sun tsira, ba gaskiya ba ce. Iyaye masu AS da AS suna iya haifar shida ba SS ko ɗaya, suna iya haifar uku a jere duka SS. Mahaifin da ya ce wa matarsa, "Daga danginku wannan abu ya fito," bai ƙirga nasa waken ba.

Me ya sa irin ya yi yawa a ƙasarmu? A 1954 wani likita daga Jami'ar Oksfod, Anthony Allison, ya nuna a Afirka ta Gabas cewa yaro mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi yawa, masu AS suka fi rayuwa, suka hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin, ana kuma haifar jarirai wajen 150,000 da sikila kowace shekara. Babu ƙasar da ta kai mu.

Inda kuɗin bincike yake bi

To, abin mamaki, yawancin abin da likitoci suka sani game da wannan cuta ba a nan aka fara gano shi ba. A Amurka ne, inda dukan masu sikila, manya da yara, ba su wuce wajen 100,000 ba, watau ba su kai waɗanda muke haifa a shekara guda ba. Can cutar 'yan tsiraru ce, ta baƙar fata jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Likitan da ya fara bayyana ta a rubuce, James Herrick na birnin Shikago, a 1910 ya buga bayanin abin da aka gani a jinin wani ɗalibi baƙi daga tsibirin Girenada. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna ainihin inda aibin yake cikin jinin. Amma sanin cuta daban, neman maganinta daban. Shekaru suka yi ta wucewa ba a kula ba, gama masu ciwon matalauta ne, ba su da murya.

A 1970 wani likita mai suna Robert Scott ya yi wani ɗan lissafi wanda ya kunyata ƙasar. Ya gwada sikila da wata cutar gādo ta huhu wadda ta fi kama fararen fata, sistik faiburosis. Yawan jariran da ake haifa da kowaccensu a shekara kusan ɗaya ne, dubu da 'yan kai. Amma ƙungiyoyin taimako sun tara wa cutar huhun dala miliyan 1.9 a shekara guda, sikila kuwa abin da ta samu bai kai dala 100,000 ba. Baƙar fata suka ta da murya, har a 1972 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar yaƙi da sikila, aka ware kuɗi, aka buɗe cibiyoyin bincike a jami'o'i, ciki har da Jami'ar Howard ta baƙar fata a birnin Washinton.

Ba sikila kaɗai ba ce. A 1985 sakatariyar lafiya ta ƙasar, Margaret Heckler, ta fitar da rahoto wanda ya nuna kowace shekara baƙar fata wajen 60,000 suna mutuwa waɗanda da sun rayu in da lafiyarsu daidai take da ta farare. Daga nan aka soma ba jami'o'in 'yan tsiraru tallafi na musamman domin su gina ɗakunan bincike, su horar da nasu masana. A 2000 aka kafa cibiya domin lafiyar 'yan tsiraru da ratar da ke tsakanin jama'a wajen lafiya, a ƙarƙashin babbar hukumar binciken lafiya ta ƙasar, NIH, a 2010 kuma aka ɗaga matsayinta.

Duba abin da kuɗin ya haifar. A 1986 binciken da Dokta Marilyn Gaston ta jagoranta ya nuna in ana ba jariri mai sikila fenisilin sau biyu a rana, muguwar cutar da ke shiga jini ta kashe su farat ɗaya tana raguwa da kashi 84 cikin 100. Fenisilin fa, wanda yake kowane kemis. A 1995 aka tabbatar wani magani, haidiroksiyuriya, yana rage tashin ciwon da wajen rabi. A 1998 Dokta Robert Adams da abokansa suka nuna in an auna gudun jini a jijiyoyin kan yaro, aka ga ya yi sauri fiye da kima, sa'an nan aka riƙa yi masa ƙarin jini kowane wata, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana raguwa da wajen kashi 90. A yau fiye da yara 90 cikin 100 masu sikila a Amurka suna kai girma.

Abin da aka gani a Garki

Mu fa? Amsar tana kusa da mu ƙwarai. Garki, arewa da mu bayan Ringim, wadda a lokacin tana cikin Jihar Kano kafin a yanki Jigawa a 1991, nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi babban binciken zazzaɓin cizon sauro daga 1969 zuwa 1976. Suna bin ƙauyuka gida gida, suna ɗibar jini. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da abokan aikinsa suka duba jinin nan domin sikila, suka buga sakamakon a 1979.

Cikin manya, fiye da ɗaya cikin huɗu AS ne. Cikin jarirai sabuwar haihuwa, wajen 2 cikin 100 SS ne. Amma da aka duba yaran da suka yi wayo da manya, da ƙyar aka sami mai SS. Ina suka tafi? Mai karatu ya san amsa. Sun mutu tun ba su kai shiga makaranta ba, yawancinsu ba wanda ya san sunan abin da ya kashe su. An ce zazzaɓi ne, an ce shawara ce, an ce saifa ce. Uwar da ta binne uku a jere aka sa mata suna mai wabi, wanda ya biyo baya aka ce ɗan wabi ne, mai zuwa ya koma, har a yi masa tsaga ko huda domin ya zauna. Ban ce kowane wabi sikila ba ne. Amma tun da na karanta labarin Garki, in na tuna da waɗansu gidaje a danginmu sai jikina ya yi sanyi.

Amfanin bincike na fari ke nan, ƙidaya. Mutanen da ba a ƙirga ba, ba a yi musu kasafi. Baƙar fatar Amurka sai da aka ƙirga matattunsu kafin a buɗe musu jaka. Mutumin ƙauye a ƙasar nan, ko Musulmi ko Kirista ko Bamaguje ko Bafillacen ruga, a littafin asibitin koyarwa shi ne ɗan tsiraru, ko da yake a ƙasa shi ne mai yawa.

Gwajin Kano

Yanzu bari mu zo kan awon da likita ya ambata wa mahaifin ɗalibata. In ba a yi rigakafi ba, wajen yaro 11 cikin 100 masu SS ɓarin jikinsu yakan shanye kafin su kai shekara 20. Awon, wanda ma'aikata ke kira TCD, ba allura, ba yanka. Wani ɗan abu ne ake ɗorawa a gefen kai kusa da kunne, ya auna gudun jini. Ka san yadda ruwa yake ƙara gudu in ka matse bakin tiyo? Haka jini yake yi in jijiya ta fara tsukewa. In gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana bakin rami: cikin irinsu ɗari, wajen goma za su fāɗa kowace shekara.

Maganin Amurka, ƙarin jini kowane wata shekara da shekaru, ba zai yiwu mana ba. Ina jinin? Wa zai tabbatar da tsabtarsa kowane wata? Wa zai biya? Manomin da ya sayar da akuya domin zuwa ɗaya, sau goma sha biyu a shekara me zai sayar? Nan ne likitocin Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka haɗa kai da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda Farfesa Michael DeBaun yake, da tallafin kuɗi daga NIH. Tambayarsu ita ce, ko haidiroksiyuriya, ƙwayar da ake haɗiya sau ɗaya a rana, za ta iya tsayawa a madadin jinin?

Suka fara da ɗan ƙaramin gwaji, yara ƙasa da 30, wanda Dokta Najibah Galadanci da abokan aikinta suka buga a 2017, domin a ga ko iyaye za su yarda, ko yara za su jure shan maganin. Suka yarda, suka jure. Babban gwajin ya fara a 2016 da yara 220 masu shekara 5 zuwa 12, dukansu awo ya nuna suna cikin haɗari, a Asibitin Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad a Kano, da Asibitin Barau Dikko a Kaduna. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya ana ba su miligiram 10 na maganin bisa kowane kilo na nauyin jikinsu, ɗaya kashin miligiram 20. Sakamakon, wanda Farfesa Shehu Abdullahi na Kano yake kan gaba cikin marubutansa, ya fito a 2022. Cikin yara 220 takwas ne ɓarin jikinsu ya shanye, uku a kashin farko, biyar a na biyu. A kowane kashi abin bai kai 2 cikin 100 a shekara ba, maimakon goman da ake tsoro. Ƙaramin awo ma ya yi aiki, ko da yake masu shan babban sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

Abin da ya fi burge ni ba lissafin ba ne. Masu binciken ba su naɗe tabarmarsu suka tafi ba. Sun horar da ma'aikata 'yan ƙasa su iya awon, suka kafa ƙungiyoyin rigakafi a asibitocin gwamnati, suka nemi maganin da ake yi a nan Nijeriya mai araha, har gwamnatocin Kano da Katsina da Kaduna suka ɗauki alkawarin ba da shi kyauta ga yaran da awo ya nuna suna cikin haɗari. A ganina irin binciken da ya cancanci sunan ke nan: tambayar tamu ce, likitocin namu ne, amsar kuma daidai aljihun talaka. A ƙarshen 2023 Amurka ta amince da wata sabuwar hanyar warkar da sikila ta gyaran ƙwayar halitta, kuɗinta dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Madalla da masu ilimi. Amma ba wannan ne zai ceci 'yan ajina ba.

"Kada su mai da 'ya'yanmu abin gwaji"

Na san abin da waɗansu iyaye za su ce, gama an faɗa mini a fuska. Tsoron kuwa yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin gwajin da ya ƙunshi yara wajen 200. Goma sha ɗaya suka mutu, waɗansu suka nakasa, iyaye suka ce ba a bayyana musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Baƙar fatar Amurka ma suna da nasu tabon. A Tuskegee, daga 1932 zuwa 1972, ma'aikatan lafiya na gwamnati suka bar maza wajen 400 masu ciwon tunjere ba magani, domin kawai a ga yadda cutar take cin jiki.

Amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ƙi shiga gona har abada yunwa ce za ta kashe shi. Yanzu doka ce, kafin a yi bincike a kan mutum sai kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya amince, sai kuma an bayyana wa mutumin da harshen da yake ji. In an nemi ɗanka, kana da iko ka yi tambaya. Wane asibiti ko jami'a ke da aikin? Me za a ba yaron, an taɓa ba waɗansu? In ya sami lahani wa zai ɗauki jinya? In an gama, maganin zai ci gaba da samuwa? Kana da iko ka ƙi, ko ka janye a tsakiya, ba kuwa za a hana ɗanka jinyar da ta kamace shi ba. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Wanda ya fusata don ka yi tambaya, ka ɗauki ɗanka ka tafi.

Tazarar da ta rage

To, me ya sa yarinyar nan ta kai shekara takwas ba a taɓa auna ta ba, alhali ana awon a Kano? Domin na'urar da masu iya ta suna birni, mu kuwa muna nan. Uwa ta tashi da asuba, ta hau babur zuwa bakin titi, ta bi ta Gaya da Wudil, ta isa ta tarar da layi, wataƙila a ce ta dawo wani mako. Ga kuɗin mota na mutum biyu, ga aikin gona an bari. Kafin wannan ma, sai an san yaron yana da sikila tukuna. A ƙauyukanmu ba a gwada jariri. Sai ya kai wata shida ko shekara, hannuwa da ƙafafu suka kumbura yana ta tsala kuka, sa'an nan a fara zato, in an yi sa'a.

Wannan ma jami'a ta nuna yana da mafita. Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka kai wani ɗan gwaji mai sauƙi, ɗigon jini ɗaya a kan ɗan tsinken takarda, ba ya bukatar lantarki, zuwa ƙananan asibitoci biyar a Gwagwalada. Ranar rigakafi, da uwa ta kawo jariri allura, sai a gwada shi nan take. Sun gwada fiye da jarirai 3,600, suka buga sakamakon a 2020. In an yi a Gwagwalada, me zai hana a yi a Ajingi da Gaya? Ma'aikatan rigakafi sun riga sun san kowace ƙofa tun zamanin yaƙi da shan-inna.

Akwai kuma abin da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Gwajin Kano da kuɗin wata ƙasa aka yi shi. A 2025 gwamnatin Amurka ta soke tallafin bincike mai yawa, musamman wanda ya shafi ratar lafiya tsakanin jama'a, ta tsaurara hanyar aika kuɗin bincike ƙasashen waje, har ta kawo shawarar a rufe cibiyar lafiyar 'yan tsirarun nan. Mai abu da abinsa. Muna da asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa domin manyan makarantu, yana kuma da sashen tallafa wa bincike. Ƙasar da ta fi kowace haifar masu sikila bai kamata ta zauna jiran baƙo ya biya kuɗin nazarin jinin 'ya'yanta ba. Sa'ad da masu neman ƙuri'a suka zo da atamfa da sabulu, a tambaye su yaushe awon kai zai zo babban asibitin da ke kusa da mu.

Abin da gida zai iya yi tun yau

Na fari, a san jinin kowa. Gwajin sikila, wanda ake kira jinotayif, daban yake da gwajin rukunin jini na A da B da O da ake yi kafin ƙarin jini. Mutane da yawa sukan rikita su. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da wannan. Ekklisiyoyi da dama sun riga sun saba neman takardar. Kuskurenmu shi ne lokaci. Sai an kai kaya, an sa rana, 'yan zumuntar mata sun ɗinka anko, sa'an nan fasto ya ce a kawo sakamako. A wannan lokaci wa yake da ƙarfin zuciyar fasawa? Nan ne ake samun takardun ƙarya. Gara a gwada yara tun suna makaranta, saurayi da budurwa kowa ya san nasa tun zance bai yi nisa ba. A yi a asibitin da aka amince da shi, in da shakka a maimaita a wani wuri. Mai SS kuwa ba a hana shi aure ba. In ya auri mai AA, 'ya'yansu duka AS za su zama.

In kuwa yaron ya riga ya zo, a yi masa rajista a asibitin da ke da sashen sikila, a riƙe katin kamar takardar gona. A cika masa dukan alluran rigakafi. Ya kwana cikin gidan sauro kowace rana, gama shi zazzaɓi ba ya yi masa da sauƙi. Ya sha ruwa da yawa, ko bai ji ƙishi ba. Cikin hunturu a rufe shi, a yi masa wanka da ruwan ɗumi da rana, kada ruwan sama ya dake shi. A tambayi likita game da fenisilin da folik asid da maganin rigakafin zazzaɓi. Kada a saya masa maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kemis sai likita ya ce, kada kuma wanzami ya yi masa ƙaho ko tsaga, jinin da bai ishe shi ba. Haidiroksiyuriya ma ba maganin da za a saya a sha da ka ba ne, sai da likita da awon jini loto-loto. Daga shekara 2 zuwa 16, a nemi awon TCD sau ɗaya kowace shekara. A ambaci sunansa, kada a jira sai an tuna muku.

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi mai zafi, numfashi da ƙyar ko ciwon ƙirji, tafin hannu da cikin ido su yi fari fat, ciki ya kumbura ta hagu farat ɗaya, matsanancin ciwon kai, baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ko ƙafa ta saki ko da na ɗan lokaci ne ta dawo. A yi addu'a a kan hanya, amma a kama hanya.

Ga 'yan'uwana malamai kuma, yaron da yake yawan neman izinin fita fitsari ko shan ruwa, in mai sikila ne, ba wasa yake yi ba, ƙodarsa ce ba ta riƙe ruwa. Kada a sa shi gudu cikin rana ko tsallen kwaɗo. In yaro mai ƙoƙari ya soma mantuwa, rubutunsa ya lalace ba dalili, a kira iyaye, gama akwai toshewar da ke cin ƙwaƙwalwa a ɓoye ba tare da jiki ya shanye ba. Ni da kaina, da na koma na duba littafin yarinyar nan, na ga tun zangon da ya wuce rubutunta ya fara canzawa. Jan biro na sa mata, na rubuta "ki ƙara kula."

Ta dawo makaranta bayan wata biyar. Tana jan ƙafa, tana koyon rubutu da hagu, kuma ba wanda yake dariya yanzu. Bayan abin da ya faru aka gwada ƙannenta uku. Biyu AS ne, autan, ɗan shekara huɗu, SS. Dattawan ekklisiya suka haɗa kuɗin mota, uwar ta kai shi Kano aka yi masa awon kai. Gudun jinin ya haura. An sa shi a kan magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya, yayarsa ce take tuna wa uwar. Awo na gaba ya faɗo tsakiyar damina, lokacin noman fari, mahaifin kuwa ya riga ya ware buhun gero ɗaya domin kuɗin hanya.